Hoton Iya a Allon Kasuwa

Jama'a, sallama gare ku. Wanda zai zage ni ya dakata sai na kai aya, don wallahi zagin da na yi wa kaina ya ishi mutum goma su raba. Sunana Huseina, 'yar Tudun Koma ce ni, unguwar masunta da ke bakin kogin Haɗeja. Abin da zan ba ku ya faru ne saura shekara biyu Turawa su tattara nasu-ya-nasu su tafi. Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, bazawara, aurena na fari ya mutu tun bai rufa shekara ba na dawo gaban iyayena.

A kasuwa na fara ganin Shu'ibu. Mutumin Jahun ne, ya koyo ɗaukar hoto a Kano ya zo ya kafa rumfa kusa da layin teloli. Yana da wani akwatin hoto mai ƙafa uku wanda yake cusa kansa cikin baƙin ƙyallensa, ga kuma allo a bakin rumfar da yake liƙa hotunan da ya wanke don masu wucewa su gani. Ranar na sha ado, ba zan ɓoye muku ba: atamfa shuɗiya mai zanen ganye, fatala ja, murjanina biyu a wuya, ga humrar da na ɗiba a kwalbar Iya, mahaifiyata, ba da saninta ba. Muna tafe da ƙawata Hajo, kwandon bandar kifi a kaina, sai na ji an ce,

"'Yan mata, a ba ni izini in ɗauka?"

Na ce, "In an hana fa?"

"In an hana na haƙura. Ni ban taɓa ɗaukar mutum bai sani ba. Satar fuska ai ta fi satar akuya muni."

Ku riƙe maganar nan da kyau, don ita ta kashe ni. Na hana shi, ya kuwa sauke ƙyallensa ya koma ya zauna yana murmushi. A raina na ce, oh ni Huseina, ashe akwai namijin da ake ce wa a'a ya ji?

Daga nan sai wasiƙu. Na ɗan yi ajin yaƙi da jahilci a gidan mijina na fari, ina iya haɗa baƙi, to shi kuma sai ya riƙa rubuto mini a bayan hotunan da suka lalace wajen wanki, ya ba Hajo ta kawo mini a ƙarƙashin faifai. "Huseina, yau na ɗauki mutum tara, duk ba wanda ya kai wadda ta hana ni." Wata rana kuma, "Ki gai da Iya. Ki ce kifinta ya sa na daina cin na kowa." Ina karantawa ina cusawa a ƙasan adudun kayana, in ɗauko in sake karantawa har takardar ta yi laushi. Kai, so bai yi ba.

Da farkon damina Babanmu ya kwanta kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Iya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ta tuɓe awarwaronta, ta kife madubinta a ƙasan gado, ta ɗaura wani tsohon baƙin saƙi, ga malafa a ka, ga 'yar wuƙa da mai takaba ke riƙewa. Shu'ibu ya zo gaisuwa har sau uku, ya zauna a tabarma da maza, bai zo da akwati ba. Aka ce maganar aurenmu sai Iya ta fita takaba, in ma za a yi ta. Na ce in ma za a yi ta, saboda Baba Zarami.

Baba Zarami wan Babanmu ne, shi ne kuma Sarkin Ruwan unguwarmu, ba mai jefa koma a kogi sai da yawunsa. Ko sunan Shu'ibu ba ya son ji, "ɗan akwatin nan" yake ce masa. Kuma ba shi kaɗai ba, Tudun Koma kaf ba a shiri da mai hoto. Tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Nguru wani Bature ya zo ya jera samarin unguwar a bakin ruwa ya ɗauke su, ana ta dariya ana gyara hula. Ba a yi wata ba aka zo da hoton ana nuna fuska ɗaya-ɗaya, aka kwashe su aikin dole. Mutum huɗu ba su dawo ba, cikinsu har da ƙanin Baba Zarami. Tun daga ranar duk wanda ya shigo mana da akwati, to akwatin zai riga shi faɗawa kogi. An yi wa wani haka ina yarinya, da idona na ga ƙafafun akwatin suna juyi a ruwa, mai shi kuma ya fita unguwar da takalmi ɗaya.

Shi kuwa Shu'ibu ba abin da yake so irin ya ɗauki unguwarmu. Kullum maganarsa ke nan in ya zo zance bayan la'asar, yana tsugune a bakin zaure ina daga ciki.

"Huseina, jiragen nan naku in sun dawo da safe, da masu gora suna iyo a kanta, da tarun da ake shanyawa, wata rana duk za su wuce. Jikokinmu su ce yaya kakanninsu suke, a ce musu ba a sani ba?"

Jikokinmu. Da ya faɗi haka sai na ji zuciyata ta narke kamar man shanu a kan tuwo. Ni da kaina na zauna na karanta masa yadda ake shiga unguwarmu da akwati. Na ce ka zo da rana tsaka, kada ka yi sammako, kada ka kai magariba. Ka fara sauka a zauren Baba Zarami da goronka, ka tuɓe takalmi tun daga bakin darni. Akwatin nan ka lulluɓe shi, kada ka buɗe idonsa sai an ce ka buɗe. Kada ka juya shi wajen mashayar mata ko da wasa. Wanda ka ɗauka ka faɗa masa inda hoton zai je, ka kuma kawo masa nasa har gida. In ka ji an ce "ya isa", to ya isa, kada ka tsaya ba da hujja, ka naɗe kayanka ka bi hanyar da ka shigo.

Ya ce, "Na ji, malama. Saura me?"

"Saura wanda zai riƙe igiyarka."

A wajenmu baƙo ba ya yawo haka sakaka, sai wani ɗan unguwa ya tsaya gaban Sarkin Ruwa ya ce na riƙe igiyarsa. Duk abin da baƙon ya ɓata, wuyan mai igiya za a kama. Na nemi maza uku cikin danginmu, kowa ya ce ba ruwansa. Sai na yafa mayafina na tafi da kaina, na durƙusa a bakin zauren Baba Zarami yana gyaran taru.

"Baba, na zo roƙo ne."

"Na san roƙon. Ɗan akwatin nan ne."

"Baba, ba irin waɗancan ba ne. Ba ya ɗaukar kowa sai da izini."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. "Huseina, mace ba ta riƙe igiya."

"Ba a taɓa hanawa ba, Baba. Ba a dai taɓa yi ba."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Bakin ubanki gare ki. To na ba ki. Amma ki sani, kifi na ganinka mai jar koma. Ranar da ya ɓata, ba Jahun zan je nemansa ba, gidanku zan zo."

Shu'ibu ya shigo unguwarmu da akwatinsa sau huɗu, kuma wallahi ya bi ƙa'ida tiryan-tiryan. Ya ɗauki masu jirgi, ya ɗauki masu saƙar taru, ya kawo wa kowa nasa a nannaɗe cikin takarda. Tsofaffin da suka rantse za su fasa masa kai sai ga su suna aron babbar riga. Har Baba Zarami, da bai yarda an ɗauke shi ba, na kama shi yana leƙen hoton jirginsa yana gyaɗa kai. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafiya ƙasa ba ta ɗaukata.

To ga inda na yanka wuyana da bakina.

Abincin gidanmu daga bandar Iya yake fitowa. Matoyarta, inda take bandar kifin, tana can bayan gorubai a gefen ruwa, nesa kaɗan da gidaje, kuma duk Haɗeja an san tarwaɗar Iya, fatake har daga Nguru suke aiko a ajiye musu. Ni in na karɓi wutar, ko in ƙona ko in fitar da shi da ɗanye. Saboda haka ko da ta shiga takaba, Iya ba ta daina zuwa ba. Da an sallame asuba take fita ta ƙofar baya, ta dawo kafin hantsi. Kowa a Tudun Koma ya sani, kuma ba wanda ya taɓa gani. Haka al'adarmu take: mai takaba in larura ta fito da ita, wanda ya ci karo da ita sai ya juya fuskarsa wajen kogi har ta wuce. Ba gaisuwa, ba ambaton suna. Muddin ba wanda ya ce na gan ta, to tana ɗakinta. Amma ranar da maganar ta fito fili, dole Sarkin Ruwa ya yi hukunci: a mayar da ita gidan iyayenta ta sake takabar daga farko, a kuma ba wa wata mace matoyar. Dangin Iya suna Guri, rabonta da zaman can shekara talatin.

Baba Zarami da kansa, in ya fito duba ruwa da sassafe, sai ya bi ta doguwar hanya don kada ya haɗu da matar ƙaninsa.

Wata la'asar Shu'ibu ya zo, na kawo masa tarwaɗa a kwanon sha da ɗan yaji. Ya gutsura ya lumshe ido.

"Wannan ba hannunki ba ne."

"Kai Malam Shu'ibu, raini ne?"

"Naki na ci ranar Talata, har yanzu haƙorina na ciwo. Wannan hannun Iya ne. To yaya aka yi, ita da take ɗaki?"

Da na yi shiru ai da shi ke nan. Amma ina! Ina son ya san mu, ina son ya ga irin kirkin unguwarmu, yadda gari guda ke kau da kai don mace ɗaya ta ci abinci. Na sassauta murya na zayyane masa komai, har lokacin fitarta, har gorubai ukun da take bi ta tsakaninsu. Na ce, "Amana ce fa." Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Haba Huseina. Iya ai uwata ce."

Na san yana da wata 'yar ƙaramar kyamara da ya sayo a Kano, mai igiya, wadda ke ɓuya a ƙarƙashin riga. Ya taɓa nuna mini ita. Ban faɗa wa Baba Zarami ba, don a ganina mene ne abin faɗa?

Saura kwana goma sha ɗaya Iya ta fita takaba, har mun fara sayen gero na sadaka, an kai ɗinkin sabon zanenta. Ranar kasuwa ce, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga Hajo ta faɗo ko sallama babu, ɗankwalinta a hannu. Ta ja ni bayan rumbu.

"Huseina, kin je rumfar mutuminki yau?"

"A'a. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ɗauko mayafinki."

"Ke Hajo, ki faɗa mini mana, gabana faɗuwa yake."

"Bakina ba zai iya ba. Zo ki gani."

Ban san yadda na isa kasuwa ba. Tun daga layin masu tabarma na hango mutane sun yi cincirindo a bakin allon, wani na nunawa da tsinken sakace. Na kutsa. Ga ta nan a tsakiyar allo, ya wanke ta babba, ta fi duk sauran girma. Iya ce durƙushe gaban matoya, hayaƙi na tashi ta bayanta, malafar ta zame baya, fuskarta duk a waje. 'Yar wuƙar takaba tana soke a ɗamararta. Hannunta ɗaya na juya kifi, ɗayan kuma tana share ido da bayansa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ganin hawayenta ba tun ranar da aka fita da Baba. Ashe can take zuwa ta yi.

Wata mai sayar da daddawa ta ce, "Wannan ba matar marigayi Mala ba ce ta Tudun Koma? Ba takaba take ba?"

Na fizge hoton har ƙusar ta yage gefensa, na faɗa rumfar. Yana zaune yana goge gilashin akwatinsa, da ya gan ni sai ya washe baki. Wai murna yake!

"Kin gani? Dama so nake in ba ki mamaki. Huseina, tunda nake ban taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba."

"Wa ya ba ka izini?"

"Tsaya ki ji..."

"Na ce wa ya ba ka izini? Ita ta ce ka ɗauka?"

"Da na tambaya ai ba zai yi kyau haka ba. Mutum in ya san ana ɗaukarsa sai ya daskare. Dubi fuskarta fa, dubi haƙuri, dubi mutunci! Girmama ta na yi."

"A kasuwa? Tsakanin hoton ɗan dambe da na mai keke?"

"Ban rubuta sunanta ba."

"A Haɗeja wa ke neman suna? Kai ba ka ce satar fuska ta fi satar akuya ba?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce wai wannan daban ne, wannan aikin tarihi ne. Na tambaye shi yaushe ya je. Ya ce ranar Alhamis, ya bi ta fadama tun da jijjifi ya laɓe a bayan gorubai. Gorubai ukun da na kwatanta masa da bakina. Ya shigo unguwarmu a lokacin da na hana shi, ta hanyar da ba a shigowa, da kyamarar da na rufa masa asiri a kanta. In da wani ya gan shi a wurin, da gawarsa za a tsamo a fadamar Baturiya, kuma da ni za a fara tuhuma. Ko wannan bai tuna ba.

Na ce, "To na cire. Shi ke nan, ya ƙare a nan."

Ya ci gaba da murza ƙyallen da ke hannunsa.

"Shu'ibu, na ce ya ƙare a nan ko?"

"Akwai wani Bature da ya zo ɗaukar tsuntsaye a fadama. Ya gani jiya, ya ce a ba shi ɗaya, za a buga a Kaduna. Ya ce zai nema mini aiki a can. Don mu na yi, Huseina, ni da ke. Baturen ya tafi da shi, ya bi jirgin ƙasa na safe daga tashar Malam Madori."

Kun san yadda mutum ke ji in ya taka inda yake zaton tudu ne ashe zurfi? Haka na ji. Ban yi kuka ba, ban zage shi ba. Na cire zoben azurfar da ya ba ni na ajiye masa a kan akwatin, na ce, "Ka bar garin nan kafin la'asar, kada ka bi ta bakin ruwa. Ba don kai na faɗa ba, don kada a ce an kashe mutum a kan igiyata." Ya kira sunana sau biyu, ban waiga ba.

A hanya Hajo tana ta ba ni baki, wai ƙila ba wanda ya gane ta cikin 'yan unguwa. Ina jin ta kawai. Ranar kasuwa rabin Tudun Koma a can suke wuni. Da muka shigo unguwa na ga abin da ya fi zagi ciwo: matan da ke daka a ƙofar gida suka tsayar da taɓarya, maza biyu da ke ɗaure jirgi suka bi ni da ido. Mutanen da suka yi wata huɗu suna kau da kai dominmu, yau kowa kallona yake.

Na tarar da Iya a ɗaki a kan buzun Baba, carbi a hannu, malafarta a gefe. Na so in ɓoye hoton a mayafi, amma takardar ta yi ƙara.

"Mene ne wannan, Huseina?"

"Ba komai, Iya."

"Miƙo."

Na durƙusa na miƙa mata. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Matar da ta yi wata huɗu ba ta dubi madubi ba, ga ta tana kallon kanta tana kuka a takarda. Ta shafa gefen da ya yage da babban yatsa.

"Haka na tsufa?" ta ce a hankali.

"Iya, ki yafe..."

"Mutum nawa suka gani?"

"Kasuwa ce, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi jeren tasoshinta, ta dubi gadon ƙarfen da Baba ya sayo mata shekarar da aka haife ni, kamar mai lissafin abin da jaki ɗaya zai iya ɗauka zuwa Guri. Daidai nan muka ji sallama a zaure, murya mai kauri wadda ba ta taɓa shigowa gidanmu da irin wannan sanyin ba. Baba Zarami ne, kuma ba shi kaɗai ba ne, ina jin takun mutane a bayansa.

"A ce wa mai igiya ta fito."

Na yunƙura zan tashi, Iya ta riƙe mini wuyan hannu. Ba ta ɗaga murya ba, ko fushi babu a fuskarta, da ma fushin ta yi da na fi samun sauƙi.

"Bari su jira. Duk unguwar nan ba mai magana da yaron nan a kan gidanmu, kuma baƙo ba ya sanin gorubai ukun nan da kansa." Ta dube ni cikin ido. "Huseina, wa ya faɗa masa lokacin da nake fita?"